DOKIN ADO MAI LAMBA: MU SAN ABIN DA LAMBAR KE NUFI KAFIN MU ZUBA KUƊI



A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata harka da ta daɗe tana ci, wato tara 'yan dawakan ado. Ƙananan siffofin dawaki ne, wasu na roba, wasu na tangaran, wasu na katako, waɗanda ake jerawa a kan kanta ko a cikin durowar gilashi. Kamfani zai ƙera, ya buga wa kowanne lamba a ƙarƙashi, bayan wani lokaci ya sanar cewa ya daina yin wannan samfurin. Daga nan sai masu tarawa su shiga saye da sayarwa a tsakaninsu, kowa na fatan nasa ya yi tsada. A da labarin ba ya isowa gare mu. Yanzu kuwa waya ta kawo shi har cikin aljihu. Kana zaune za ka ga bidiyon wani yana nuna ɗan dokin da ya tsinta a shagon kayan gwanjo da 'yan canji, yana cewa ya sayar da shi ninkin ba ninkin.

Maganar ta shafe mu ta fuska biyu. Ta farko, matasanmu da yawa suna neman abin da za su juya a intanet, kuma duk abin da aka ce musu ana samun dala a cikinsa sai kunnensu ya tashi. Ta biyu, mu ma muna da namu masu sayar da dokin ado. Duk wanda ya shiga kasuwar kayan gargajiya ta Lekki a Legas, ko ya tsaya a shagunan bakin manyan otal, ko ya leƙa kasuwar kayan hannu ta Abuja, zai ga dawakan tagulla da na itace a jere, kuma sau da yawa Hausa zai ji mai shagon yana yi. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, lambar da ke ƙarƙashin doki alkawari ce kawai, kuma darajarta daidai take da gaskiyar wanda ya buga ta. Mai saye da ya gane wannan ba zai ƙone jarinsa ba. Mai sayarwa da ya gane shi kuma zai samu hanyar ɗaga darajar kayansa ba tare da ƙarya ba.

YADDA HARKAR TA FARO

Sunan da ya fi fita a wannan fage shi ne Breyer. A farko kamfanin sarrafa roba ne a birnin Shikago na Amurka. A shekarar 1950 aka ba shi aikin ƙera ɗan doki da za a ɗora a jikin agogon kanta wanda shagunan Woolworth za su sayar. Sai mutane suka riƙa neman dokin shi kaɗai, ba agogon ba. Nan kamfanin ya gane inda kasuwa take, ya koma yin dawaki. A 1984 kamfanin Reeves International ya saye shi. Dawakansa na roba ne mai tauri, ana yi musu fenti da hannu, kuma suna da girma daban-daban. Manyansu kashi ɗaya ne cikin tara na girman doki na gaske, ƙanana kuwa ɗaya cikin 32. Tun 1990 kusan kowace shekara a watan Yuli ana yin babban taro mai suna BreyerFest a garin Lexington da ke jihar Kentaki, inda dubban mutane ke haɗuwa su saya, su sayar, su yi gasar wanda dokinsa ya fi kyau, har da gwanjon waɗanda guda ɗaya tak aka yi irinsu.

Akwai kuma wani suna, The Trail of Painted Ponies. Shi ya faro ne a 2001 a garin Santa Fe na jihar Niyu Meziko, inda aka ba masu zane manyan siffofin dawaki suka ƙawata, aka baje su a gari, aka yi gwanjonsu don tallafa wa ƙungiyoyin agaji. Da abin ya karɓu, a 2003 aka fara fitar da ƙananan kwafinsu don sayarwa a shaguna. Su ne suka fi shahara da lamba. Idan ka juya ɗaya za ka ga an rubuta wani abu kamar 1E/0345, ma'ana bugu na farko, doki na 345. Idan bugu na farko ya ƙare sai a shiga 2E, sannan 3E, haka nan har ranar da kamfani zai ce wannan samfurin ya yi ritaya.

LAMBA IRI UKU CE

A nan mutane da yawa suke ruɗewa, domin ba kowace lamba ce ke nuna ƙarancin kaya ba.

Akwai lambar samfuri. Dokin Breyer na farko lambarsa 57, kuma duk wanda aka yi a wannan samfurin 57 ne, ko guda nawa ne. Wannan kamar lambar ƙirar waya ce ko ta injin janareto. Amfaninta kawai a gane wane iri ake magana a kai.

Akwai lambar jeri wadda ba ta da iyaka, irin ta 1E da 2E. Ita tana gaya maka dokinka na nawa ne a layi, amma ba ta gaya maka inda layin zai tsaya ba. A dawakan Painted Ponies bugu ɗaya yakan kai kimanin guda 10,000, kuma samfurin da ya samu karɓuwa yakan yi bugu da yawa. To ka ga mai riƙe da 3E/7000 yana da 'yan uwa fiye da 20,000 a gabansa, ban da na bayansa.

Sai lamba mai iyaka, wadda za a rubuta misali 45/500. Wannan ce ke ɗauke da alkawari na gaske, cewa 500 aka yi kuma ba za a ƙara ba. Amma ko ita ɗin, wa ke riƙe da littafin lissafin? Kamfanin ne. Wa ke riƙe da mazubin da aka zuba dokin a ciki? Kamfanin ne. Idan ya ga dama gobe zai iya fitar da doki iri ɗaya sak, ya sauya masa launi kaɗan, ya ba shi sabon suna da sabuwar lamba, kuma bai karya alkawari a rubuce ba. Kamfanonin suna yin haka a fili, mazubi ɗaya yakan yi shekaru da dama ana fitar da launuka daban-daban a kansa.

Shi ya sa labarin wani doki mai suna Alborozo yake da darasi. Breyer ta fitar da shi a taron 2008, aka yi wasu 'yan dubbai, sannan aka sanar cewa an lalata mazubin. Har yau yana cikin waɗanda masu tarawa suke biyan kuɗi mai kauri a kansu, kuma dalilin a bayyane yake: kowa ya yarda ba za a sake zuba wani ba.

LISSAFIN DA BA A NUNAWA A BIDIYO

Ba mu ce ba a samun riba ba. Ana samu. Akwai mutanen da suka shekara ashirin ko talatin a cikin harkar, waɗanda da kallo ɗaya za su gaya maka shekarar da aka yi doki daga irin fentin kofatonsa ko tambarin da ke cikin cinyarsa. Irin waɗannan suna saye da araha a wajen wanda bai san abin da ya gada ba, su sayar wa wanda ya sani. Wannan sana'a ce ta ilimi, kamar ta dillalin dabbobi da zai buɗe bakin sa ya gaya maka shekarunsa. Idan kai da ba ka san komai ba ka shiga karar shanu da kuɗi a hannu, ba sai an gaya maka wanda zai ci riba a kan wani ba.

Yanzu mu ɗauka wani ƙaninmu yana zaune a Agege ko Sabon Ibadan, ya ce zai sayo irin waɗannan dawaki ya ajiye su yi tsada. Da dala zai saya, kuma kowa ya ga abin da ya sami naira tun daga 2023. Zai biya kuɗin kawowa, wanda sau da yawa yakan fi kuɗin dokin. Zai biya na kwastam. Kunnen doki da ƙafarsa da jelarsa ba sa jure jifa, kuma ƙwarzane ɗaya ya isa ya zubar da farashi sosai a wajen masu tarawa. Kwalin ma sai ya adana shi lafiya, da takardar da ke ciki, a garin da damshi ke sa takarda ta yi fumfuna. Idan ya zo sayarwa, masu sayen suna can Amurka, ba a nan suke ba. Zai sake biyan kuɗin turawa, shafin da ya tallata kayan zai cire nasa kason wanda a eBay yakan haura kashi 10 cikin 100, sannan sai ya shawo kan baƙon da bai taɓa ganinsa ba ya yarda ya tura masa kuɗi. A ƙarshe me ya rage?

Kayan ma kansu ba sa dawwama. Masu tara dawakan Breyer sun san cewa wasu da aka yi a ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990 robarsu tana lalacewa da kanta. Dokin zai riƙa ƙanƙancewa, launinsa ya koɗe, ƙafafu su lanƙwashe, ya dinga fitar da wani ruwa mai tsami. Babu lambar da ta hana wannan faruwa, kuma zafi da damshi suna ƙara masa sauri.

Babban haɗarin kuma shi ne yayi. A shekarun 1990 Amurka ta haukace a kan wasu 'yan tsana na dabbobi masu suna Beanie Babies, waɗanda ake sayarwa kimanin dala 5 a shago. Kamfanin ya riƙa yi wa wasu ritaya, farashi ya riƙa tashi a hannun masu sake sayarwa, iyalai suka riƙa cika akwatuna suna cewa kuɗin makarantar yara ne suke tarawa. A 1999 har wasu ma'aurata da suka rabu sai da suka durƙusa a gaban alƙali a Las Vegas suna raba nasu ɗaya bayan ɗaya. Ba a jima ba kasuwar ta faɗi, domin kowa mai ajiya ne, ranar da aka fito sayarwa kuma sai aka tarar kowa mai sayarwa ne.

Ba sai mun je Amurka ba kafin mu fahimci wannan. Iyayenmu mata sun yi zamanin jeren kwanuka. Akwai lokacin da kwalla da langa da kumbo masu fure su ne dukiyar ɗakin mace, ana jera su har kusa da rufi, idan buƙata ta taso a ba dillaliya ta sayar. Da yayin ya koma kan tangaran da gilashi, saitin da aka sha wahala kafin a haɗa ya koma abin zuba tsaba. Kwanon bai canza ba, masu so ne suka ragu. Gara ma kwano, ko ya fita yayi za a ci tuwo a ciki. Ɗan dokin roba da ya yi kwantai fa?

Kuma mu da muka ga abin da ya faru da masu MMM a ƙarshen 2016 ya kamata mu riƙa yi wa kanmu tambaya ɗaya a kan kowace harka: ribar daga ina take fitowa? Idan amsar ita ce daga wani da zai zo bayana ya saya da tsada, shi ma yana jiran wani, to a taka a hankali. Tara dokin ado ba damfara ba ce, kaya ne na zahiri kake saya ka riƙe a hannu. Amma wanda ya mayar da shi asusu ya ɗora begensa ne a kan mai saye na gaba, wanda babu tabbacin zai zo. Wanda ya sayi guda ɗaya ko biyu don yana son dawaki, da rarar kuɗinsa, wannan ruwansa ne, kowa da abin da ke faranta masa rai. Wanda zai sa jarin shagonsa ko kuɗin adashe shi muke jan kunne.

Mun san kuma akwai masu tambayar hukuncin ajiye siffar abu mai rai a gida ko cinikinsa. Wannan fage ne na malamai, kowa ya koma wa malaminsa. Mu a nan maganar kasuwa muke yi, da maganar gaskiya a cikin ciniki, wadda babu saɓani a kanta.

DOKIN DA KE HANNUNMU

Yanzu mu dawo kan kayan da 'yan uwanmu suke sayarwa. Ku dubi yadda ake yin dokin tagulla a salon gargajiya, irin wanda ake yi a unguwar Igun ta birnin Benin, inda sana'ar take gado tun ɗaruruwan shekaru, ko a garin Fumban na Kamaru, ko 'yan ƙananan mahayan nan na Kotoko daga yankin tafkin Cadi waɗanda ba su wuce tafin hannu ba. Maƙeri zai fara gina siffar da kakin zuma, ya fitar da linzami da sirdi da gashin wuya duk da hannu. Sai ya lulluɓe ta da yumɓu, ya bari ta bushe, ya gasa, kakin ya narke ya tsiyaye. A gurbin da kakin ya bari ake zuba narkakkiyar tagulla. Idan ta huce, dole a fasa yumɓun kafin a fitar da dokin.

Ku lura da wannan da kyau. Abin da kamfanin Breyer ya yi sau ɗaya har ya zama labari, wato lalata mazubi, shi maƙerin tagulla yake yi a kan kowane doki. Ko da ya yi goma masu kama da juna, babu biyu da za su zo daidai, domin kowanne da nasa kakin da nasa yumɓun. Wancan na kamfani ɗaya ne cikin 10,000, amma an ba shi suna, an ba shi lamba, an sa sunan mai zanen, an saka shi a kwali mai kyau. Namu kuwa wanda da gaske ba shi da na biyu, yana zube a ƙasa cikin ƙura, babu sunan wanda ya yi shi, babu garin da ya fito, babu shekara.

Maimakon haka, hanyar da wasu suka zaɓa don ɗaga farashi ita ce tsufar da kaya. A binne doki a ƙasa, a turara shi da hayaƙi, a shafa masa sinadari ya yi tsatsa kore, sannan a ce wa baƙo daga fadar wani sarki aka fito da shi. Wannan ba sirri ba ne. Wani masani Ba'amurke, Christopher Steiner, ya zauna da 'yan kasuwar kayan gargajiya a Abijan, ciki har da Hausawa, ya wallafa littafi a 1994 inda ya bayyana yadda cinikin yake, har da dabarun tsufar da kaya. Manyan masu saye na waje sun karanta, sun sani. Sakamakon shi ne duk wanda ya tsaya a gaban shago yana zuwa ne da zargi a ransa. Ka ce dubu ɗari, ya taya dubu goma, domin ya riga ya ƙudura cewa rabin maganarka ba gaskiya ba ce. Mai gaskiya da maƙaryaci duk farashi ɗaya ake yi musu.

Ga kuma doka. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta ɗauki aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, haka ma wanda aka yi amfani da shi a bukin gargajiya kuma yake da muhimmancin tarihi. Ba kowa ne ke da izinin cinikin irin waɗannan ba, kuma ba a fita da su daga ƙasa sai da takardar hukuma. To mai cewa dokinsa ya shekara ɗari biyu ya sa kansa a tsaka mai wuya. In gaskiya ya faɗa, ya amsa da bakinsa cewa yana sayar da abin da doka ta hana shi. In ƙarya ya yi, ya ci kuɗin mutum da yaudara. A wannan zamani da Najeriya ke karɓo kayan Benin da aka wawashe a 1897, har Jamus ta fara dawo da nata a 2022, ido ya buɗe a filayen jirgin sama da gidajen gwanjo na duniya. Kalmar tsoho da a da take jawo kuɗi, yanzu tambayoyi take jawowa.

Za a ce mana, ai baƙo tsoho yake so, idan ka ce masa sabo ne sai ya juya. Gaskiya ne akwai irin wannan mai saye, kuma a rana ɗaya mai ƙarya zai iya fin mai gaskiya ciniki. Amma mu dubi dokin Dala na ƙasar Suwidin. Ɗan doki ne na katako, ana sassaƙa shi da wuƙa, a yi masa jan fenti da zanen sirdi, mafi yawa a wani ƙauye mai suna Nusnäs. Tun da aka kafa wani ƙato a gaban rumfar Suwidin a baje kolin duniya na Niyu Yok a 1939 ya zama alamar ƙasar. Babu wanda yake ce maka tsoho ne. A gabanka ake sassaƙawa, a gabanka ake fenti, kuma mutane suna biyan kuɗi mai kyau saboda sun san daga ina ya fito da hannun da ya yi shi. Ashe sabon abu ma yana tsada idan yana da asali da suna. Mu da muke da hawan sallah na Kano da Katsina da Zazzau, muke da lifidi da jalala da kwalkwali, ba mu rasa labarin da za mu ɗora a kan doki ba.

ABIN DA MUKE GANIN YA DACE

Ga masu shaguna, shawararmu ita ce a ɗauki lambar nan a yi amfani da ita, amma da gaskiya. Kowane doki ya zo da 'yar takarda mai ɗauke da abu huɗu: sunan maƙerin, garin da aka yi shi, shekarar da aka yi shi, da abin da aka yi shi da shi. Idan ka ba maƙeri aikin guda 20 a salo ɗaya, a buga 1/20 har zuwa 20/20 a ƙarƙashi tun a jikin kaki, kuma idan sun ƙare a tsaya. Ranar da ka ga kasuwa ta buɗe ka koma ka sa aka ƙara wasu ashirin da lamba iri ɗaya, ka kashe lambar, kuma ba taka kaɗai ba, har ta maƙwabcinka.

A samu littafi a shago, a rubuta kowane doki da lambarsa, a ɗauki hotonsa a waya. Inda 'yan kasuwa suke da shugabanci, zai fi kyau kwafin lissafin ya zauna a hannun shugabanni, domin mai saye ya san akwai wanda zai kai wa ƙara. A rubuta wa mai saye rasit da ke cewa sabon aiki ne, wanda zai sauƙaƙa masa samun takardar fita da kaya a gidan tarihi na Onikan ko wani ofishin hukumar. Mai sayen da ya wuce filin jirgi lafiya da kayanka zai dawo, kuma zai turo wani.

Wasu za su ji tsoron sa sunan maƙeri, kada mai saye ya tsallake su ya tafi kai tsaye. Wannan fargaba ce mai dalili. Amma baƙon da ya sauka Legas na kwana uku ba zai kama hanyar Fumban ba. Aikin ɗan kasuwa shi ne zaɓo mai kyau, kawo shi kusa, da tsayawa a bayansa, kuma wannan aikin ba ya ɓacewa don an san sunan maƙeri. Idan ma sunan ya fito, kayan da ke shagonka ne za su fara tsada. Adalci ne kuma a ƙara wa maƙerin wani abu idan farashi ya tashi, domin idan 'ya'yansa suka ga sana'ar ba ta ciyar da gida suka watse, mu ma babu abin da za mu jera.

Ga mai saye kuwa, ko na waje zai saya ko na gida, ya yi tambaya uku kafin ya ciro kuɗi. Guda nawa aka yi gaba ɗaya? Wa zai tabbatar ba za a ƙara ba? Idan na tashi sayarwa, wa zan sayar wa, kuma a ina yake? Idan babu amsa mai gamsarwa, to ya saya ne kawai in yana son abin a ransa, da kuɗin da ba zai yi kuka ba idan bai dawo ba. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Matasanmu masu wayo da waya kuma, maimakon su kwaso dawakan roba daga Amurka su jira mai saye, ga aiki a kusa: su ɗauki hotuna masu kyau na kayan iyayensu da ke kasuwa, su rubuta bayanin kowane doki, su riƙe lissafin lamba, su nemo masu saye. Wannan ba ya buƙatar dala ko ɗaya.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya tsare mu daga cin haƙƙin wani, Ya kare dukiyar 'yan uwa a duk inda suke neman halal. Amin.